Muryar Na Iya

Malam Haruna mai fito bai taɓa sa ƙafa a gidan kallo ba. Shi dai ya tashi ya tarar wurin na yara ne da marasa abin yi, ya kuma tsufa a kan haka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin wannan gaɓa da waccan, yana tsallakar da masu shinkafa da baburansu da awakinsu, ina ya ga sararin zama kallon ƙarya? Amma kun san duniya. Inda ka ce ba ka zuwa, wata rana da ƙafarka za ka taka, har ka roƙi a matsa maka ka zauna.

Ƙauyensu yana ƙetaren kogi ta wajen Auyo. Ɗansa na fari Ɗahiru ne. Ni na iya faɗin sunan don ba ni na haife shi ba. Malam Haruna da matarsa Saude kuwa, tun ranar suna ba wanda ya ji shi a bakinsu. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda har yau akwai gidajen da ba ta mutu ba. Ana yaye yaron kakarsa Iya ta ɗauke shi, shi ya sa in ya zama dole iyayen su ambace shi, sai su ce Na Iya. Shi kuma ya tashi yana jin ƙannen uwarsa suna ce mata Yaya Saude, ya bi bakinsu, har ya yi gemu bai canja ba. In ya shigo gaisuwa, uwar takan amsa ne tana kallon tukunya. Da uban kuwa jirgi ɗaya suke aiki, amma a wuni guda maganarsu ba ta wuce "riƙe nan" da "tura can".

Bara da kaka, ruwa ya fara ja da baya, wasu 'yan fim suka zo daga Kano da kayansu niƙi-niƙi. Wai fim ɗin ban tsoro suke yi, na 'yar ruwa, suna neman kwalekwale da wanda ya iya gora. Ɗahiru ya kai su cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye rabin kogi, suka yi ta ɗauke-ɗaukensu. Da suka ga tsayinsa da yadda yake tsayawa a bayan jirgi kamar an dasa shi, suka ce shi ma ya fito a ciki. Ya dawo jiƙe sharkaf yana dariya, yana ba samari labari a bakin mashigi. Uban yana gefe yana gyaran igiya, bai ɗaga kai ba.

Damina ta zagayo, Ɗahiru ya tafi kamun kifi ƙasar Guri. Ruwa ya yi ambaliya, ciwon amai da gudawa ya biyo baya, ya kama shi a can. Hanya ta yanke. A can aka yi masa sutura, labari kawai ya iso ta waya. Masu ta'aziyya suka cika zaure, Malam Haruna yana amsawa da "Allah ya ji ƙan musulmi", idonsa a bushe, kamar yadda ake son uban ɗan fari ya yi.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, muryar ta fara ɓace masa. Fuskar tana nan, tafiyar tana nan, har tabon da ƙugiya ta yi wa yaron a babban yatsa yana gani in ya rufe ido. Amma in ya nemi muryar, sai ya ji ta wani ce ta zo, ta ƙanin yaron ko ta maƙwabci. Wanda ba ku cika magana ba yana raye, me kunne ya ajiye?

Wata Alhamis yana tsallakar da Ja'afar ɗan acaɓa da babur ɗinsa, Ja'afar ya ce, "Baba, ka ji fim ɗin nan ya fito? Jibi Asabar za a haska shi a Haɗeja, gidan kallon bayan kasuwa. Sau biyu kawai, da hantsi da bayan azahar, sai su wuce wani garin. Sun ce ba sa sa shi a waya, masu satar fim sun ishe su. An ce har magana Ɗahiru ya yi a ciki."

Malam Haruna ya kafa gora ya tura. "Riƙe babur ɗinka da kyau, akwai igiyar ruwa a nan."

Babu wata igiyar ruwa. Ja'afar ya gane.

Labarin da ya shiga jirgin fito, ai kafin la'asar ya shiga kowane tsakar gida. Ran Juma'a da yamma Saude ta kawo masa tuwo ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta ɗauki mafici tana yi wa kwanon fifita, alhali tuwon ya huce.

"Malam, kanwa ta ƙare."

"Akwai a wajen Adamu mai tebur."

"Tasa duk ƙasa ce. Ta Haɗeja nake so."

Ya yi loma biyu. "Ni ma zaren taruna ya ƙare. Ƙila gobe in leƙa."

"To." Ta juya maficin a hannunta. "In ka ga da sarari, an ce akwai abin da ake nunawa. Ba wai wani abu ba. In ya yi magana, ka ji me ya ce."

"In da sarari."

Shi ke nan maganar da suka yi, amma kowannensu ya kwana da ita.

Da safe ya bar wa ƙanin marigayin jirgi, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan Ja'afar. Tun a hanya bayansa ya fara ƙorafi, don mai jirgi bai saba da ramukan titi ba. Ya sauka nesa da wurin, kada a ce an ga inda ya nufa.

Gidan kallon rumfar kwano ce doguwa, an kewaye ta da zana da tsofaffin buhuna don kada haske ya shiga. Janareta yana ta ruri a baya. A ƙofa an manna hoton wata mace mai gashi har gadon baya, idanunta farare fat, tana fitowa daga ruwa. Samari sun yi cincirindo, mai rake da mai gyaɗa da mai awara kowa ya kafa tiransa. Mai tsaron ƙofa wani ne Abdulmannan, mai faɗin ƙirji da sanyin murya. Ya dubi farin gemun, ya dubi farar rigar.

"Baba, ko wani kake nema a kira maka?"

"Kallo na zo."

"Na tsoro ne fa, Baba. Ko ka san wani a ciki ne?"

Nan fa Allah ya buɗe ƙofa. Da ya ce "ɗana ne", Abdulmannan mutumin kirki ne, da ya kai shi gaba kusa da sifika, da ya ja wa 'yan surutu kunne. Maganar ta taso har maƙogwaro. Sai ya ji kamar za a ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"Wani yaron garinmu ne," in ji shi.

"Af, to shiga. Duk inda ka samu."

Inda ya samu shi ne tsakiyar wani benci can baya, tsakanin mai warin taba da mai warin turare. Zafi kamar tanda. Ƙasa duk tukar rake da ɓawon gyaɗa. Aka ja buhun ƙofa, wuri ya yi duhu, haske ya faɗa kan wani farin ƙyalle da aka ɗaure a gaba.

Malam Haruna ya ɗauka da zarar an fara za a yi tsit, kamar in liman ya hau mumbari. Ina! Ashe lokacin ne baki yake buɗewa. Wani a gabansa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar ƙyallen, haskenta yana dukan ido. Aka yi masa ca, ya sauke, wani ya ɗaga tasa. Na gefensa wayarsa ta yi kuka ya amsa da ƙarfi: "Ina gidan kallo! Na ce gidan kallo! A'a, buhun da ke bayan ƙofa, ba na gaba ba!" Wasu biyu suna musun ƙwallon jiya. Wani ya shigo a makare yana haska fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya yana kiran "Adam! Adam!", ana zaginsa yana ramawa.

Amma sarkinsu duka wani saurayi ne mai jar hula a benci na gaba, wanda abokansa ke kira Mustafa. Allah ya ba shi murya kamar ta sanƙira, ya kuma hana shi birki. Duk wanda ya fito a ƙyallen sai ya ba shi shawara.

"Kar ki buɗe ƙofar nan, Hajiya! Ta buɗe. To Allah ya ji ƙanki."

Dariya ta tashi.

"Kai, wannan aljanar ai na san ta, a Kano take sayar da atamfa!"

Wata dariyar. Can 'yar ruwan ta leƙo ta taga ba zato, da wata ƙara mai tsinka hanji, rumfar ta ɗauki "A'uzu billahi!" gaba ɗaya. Wani ya zame daga benci. Kafin a gama sauke numfashi, wani shaƙiyyi ya shafa wa na gabansa jiƙaƙƙen tsumma a wuya, wancan ya zabura yana salati, ya juyo ya kai naushi, ya samu wanda bai ji ba bai gani ba. Aka yi ta rabon faɗa, fim yana ta tafiya shi kaɗai.

Malam Haruna bai fahimci labarin sosai ba, bai ma nema ba. Wasu 'yan birni ne dai suka zo gina wani abu a bakin ruwa, aka hana su suka ƙi ji. Shi idonsa yana kan ruwan. Ya gane wurin, ya gane kukar da ke bayan gonar Muhammadu, ya gane lungun da kacala ta toshe. Gumi yana bin bayansa, ƙugunsa yana sara, ƙafarsa ta dama ta mutu.

Sai ga jirginsa. Nasa na kansa, da facin kwanon da ya buga masa a gefe. A baya kuma mutum a tsaye, ya juya baya, dogo, ya kafa gora ya jingina da ita yadda shi ya koya masa.

Allah Sarki. Tsohon nan bai san lokacin da hannunsa ya kama bakin benci ba.

"Ga ɗan ƙauye nan!" in ji Mustafa. "Ku dubi wuya kamar na zalɓe!"

Ɗahiru ya juyo. Fuskarsa ta cika ƙyallen, ta fi girman ƙofar ɗaki. Wani ɗan birni a jirgin ya tambaye shi wani abu, bakin Ɗahiru ya motsa. Malam Haruna ya miƙa wuya, ya karkata kunnen da ya fi ji.

"Rake! A miƙo rake nan baya!"

"Malam mai fito, nawa ne zuwa lahira?"

"Kai ka take min ƙafa!"

Bakin ya gama motsi, ya rufe. Ko harafi ɗaya bai iso bencin baya ba.

Ya zauna kamar wanda aka zare wa laka. Bai gama dawowa hayyacinsa ba sai ya ga hoton ya canja. Ɗahiru ya sauke 'yan birni, yana komowa shi kaɗai, rana ta yi ja. Ruwan gefen jirgin ya fara tafasa. Wani farin hannu mai dogayen farata ya fito a hankali ya dafa bakin jirgin, daidai kan facin kwanon.

A'a. Wannan kam ba da shi ba. Bai ga fitar ran yaron na gaskiya ba, ba zai zauna ya kalli na ƙarya ba. Ya miƙe, ya bi ta kan ƙafafun mutane ana "Baba a hankali", ya ture buhun ƙofa ya faɗa cikin rana. Yana tsaye yana lalubar numfashi, ya lura da wani abu. Rumfar da ke bayansa ta yi tsit. Janareta kaɗai ake ji. Shirun ya ɗan jima, sannan dariya ta fashe kamar an fasa tulu.

Ya samu inuwar wata darbejiya ya zauna a kan tushenta. Ya gaji irin gajiyar da ba ta aiki ba. Ya ce a ransa, to, an zo, an gani, ba a ji ba. Sai a sayi kanwa a koma.

Aka tashi daga kallon ana kiran azahar. Samari suka fito suna miƙa, suna kaɗe riguna. Jar hular nan ta biyo ta gaban darbejiyar da abokansa. Mustafa ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai nitsewa, ya maƙale murya.

"Wayyo Yaya Saude! Wayyo Yaya Saude!"

Abokan suka riƙe ciki.

"Wai don Allah wace ce Yaya Saude? Duk fim ɗin babu mai wannan suna!"

"Ɗan ƙauye ne, da aka ja shi ruwa ya manta wasa ake, ya kira ta gida!"

Suka wuce. Malam Haruna ya bi su da ido. Sunan matarsa ne a bakin 'ya'yan da bai san iyayensu ba, a tsakiyar titi, ana wasa da shi kamar ƙwallon tsumma. Ya kamata ransa ya ɓaci, ya kuma ɓaci. Amma a ƙarƙashin ɓacin ran wani abu ya motsa. Ashe yaron ya yi kira. Ashe a daidai wurin da shi uban ya tashi ya gudu ne.

Ya yi alwala a masallacin gefen kasuwa, ya bi jam'i, ya daɗe a zaune bayan an shafa. Sannan ya koma ƙofar rumfar.

"Baba, ka dawo?" in ji Abdulmannan. "Na ga ka fita da sauri, na ce tsoro ne ya koro ka."

"Surutu ya yi yawa. Ba a jin komai."

"Wallahi mun gaji da su. In ka yi magana su ce da kuɗinsu suka shigo. Duk garin da muka je haka ne. Wuri ɗaya kawai suke shiru, inda ake jan mai fiton nan cikin ruwa. Nan kam ko tari ba ka ji. Sai fa in an samu wanda ya riga ya gani, ya ɓata wa mutane."

Wannan karon ya shiga da wuri, ya samu bakin benci na gaba, kusa da baƙar sifikar da aka ɗora a kan kujera. Rumfar ta cika da sababbin fuskoki, har ta fi ta safe. Ana gab da jan buhu wani ya faɗo kusa da shi ya matse shi da kafaɗa, da guntun rake a hannu. Jar hula.

"Baba, ashe kai ma ɗan hannu ne! Sau biyu? Ko aljanar ce ta yi maka?"

Malam Haruna ya matsa, ya tsura wa farin ƙyallen ido.

Kallon farko wahala ne, na biyu kuwa azaba. Yanzu Mustafa ya san duk abin da ke zuwa, kuma bai ga dalilin da zai riƙe shi a ciki ba. "Wannan mai gilashin shi zai fara mutuwa." "Ku lura da tagar nan, yanzu za ta leƙo. Ga ta nan! Ban gaya muku ba?" Ana ta "Kai Mustafa, don girman Allah!", wani ya jefe shi da ɓawon gyaɗa, shi kuwa kamar ana zuba masa mai. Yana tauna rake yana tofar da tuka tsakanin ƙafafunsa, wata tana sauka a kan takalmin tsohon. Zafin azahar ya sauko daga kwano ya zauna a kan mutane. Farar rigar Juma'a ta manne a baya.

Jirgin ya fito. Ɗahiru ya juyo.

"Samari," in ji Malam Haruna a hankali, "ɗan sassauta, a ji abin da yake cewa."

"Wa? Zalɓe? Ba abin da ya ce, Baba, wai ruwan nan ba a shigarsa da yamma. Ko ɗanka ne?"

Ya faɗe ta ne don a yi dariya, aka kuwa yi. Malam Haruna ya sunkuyar da kai. Kafin ya ɗago, bakin da ke ƙyallen ya rufe. Sifikar tana gefen kunnensa, amma abin da ya samu guntun sauti ne a ƙarƙashin dariya, kamar maganar mutum a ƙetaren kogi ranar iska.

Saura wuri ɗaya.

Rana ta yi ja a ƙyallen. Jirgin yana komowa. Ruwa ya fara tafasa, surutun rumfar ya fara mutuwa benci bayan benci. Mai waya ya sauke wayarsa. Mai tauna ya daina tauna. Farin hannun ya fito ya dafa facin kwanon. Duk jikin Malam Haruna yana ce masa tashi, ya ƙi. Ta gefen ido ya ga Mustafa ya ajiye rakensa a cinya, ya gyara zama, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ja numfashi ya cika ƙirji. Zai riga yaron kira.

Hannun da ya yi shekara da shekaru yana tura gora ba hannun wasa ba ne. Ya cafke wuyan hannun saurayin ya janyo shi ƙasa. Mustafa ya juyo da baki a buɗe.

"Ɗana ne," in ji tsohon, a ƙasan maƙoshi. "Ɗahiru. Ya rasu da damina. Ka bar ni in ji shi."

Sunan ya fito da kaushi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Iskar da Mustafa ya tara ta fita ta hanci, ba ƙara.

A ƙyallen, hannun ya kama ƙafar mai fito ya fizga. Gora ta faɗi. Ruwa ya watsu. Kan Ɗahiru ya ɓullo sau ɗaya, idanunsa a waje, kuma a cikin shirun nan da ba a jin komai sai janareta, sifikar ta buɗe.

"Wayyo Yaya Saude!"

Ita ce. Da ɗan kaushin nan na ƙarshe, da yadda yake jan sunan kamar mai kira daga bakin zaure. Muryar da ya yi ta nema a jirgi da kan shimfiɗa, ga ta, ba ta canja ba ko kaɗan. Ruwa ya rufe.

Sai dariya ta fashe. Bencin baya suka ɗauka, "Yaya Saude! Yaya Saude!", wani yana buga ƙafa, wani yana yin fito da yatsu a baki. Malam Haruna ya saki hannun da ya riƙe. Mustafa yana murza wurin, idonsa a kan tukar raken da ke ƙasa. Wani abokinsa ya zungure shi ta baya, "Kai, yau lafiya?", bai juya ba.

"Baba," in ji shi, "wallahi ban..."

"Ba komai. Matsa in wuce."

Bai jira ƙarshen fim ɗin ba. Ko an kashe 'yar ruwan ko ita ta cinye su duka, wannan ba matsalarsa ba ce. Ya samu ɗan acaɓa, ya hau, ramukan titi suka ƙarasa abin da benci ya fara. A bakin mashigi ƙanin marigayin ya tsallakar da shi. Ya zauna a tsakiyar jirgi kamar baƙo, tafin hannunsa a kan facin kwanon, har suka taɓa gaɓa.

Rana tana gab da faɗuwa ya yi sallama. Saude tana zaune a kan tabarma da faifai a cinya, tana tsintar shinkafa. Ta amsa, ta kawo masa ruwa, ta koma kan faifanta. Ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya cire takalmi, ya kaɗe tukar raken da ta bushe a kai.

"Ina kanwar?"

"Na manta."

"Zaren fa?"

"Shi ma."

"To."

Kaji suna ta neman hanyar akurki. Saude ta ture wata ƙwayar shinkafa da yatsa, ta dawo da ita.

"An samu sararin?"

"An samu."

"Da mutane?"

"Cike."

"Suka ce me?"

Ya tuna jar hula, ya tuna masu buga ƙafa. "Da aka zo wurinsa, kowa ya yi shiru."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ɗago ba.

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

"Ke ya kira."

Yatsanta ya tsaya a cikin shinkafar. Ladan ya fara gyaran murya a masallacin bakin kogi.

"Na Iya ke nan," in ji ta. "Tun yana ƙarami akwai raki."

Ta jawo faifan kusa da fuskarta, wai haske ya yi ƙasa, ta ci gaba da tsinta. Malam Haruna yana ganin shinkafar daga inda yake zaune, fara tas, babu tsakuwa ko ɗaya. Ya ɗauki buta, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar.